Yadda Na Gyara Tiyon Intakula Mai Sulluɓewa

A zafin watan Afrilu na Maraɗi, motata mai turbo (na'urar da ke matsa iska ta tura ta cikin inji) takan yi sanyin jiki da rana, domin iskar da turbo ya matsa tana yin zafi, iska mai zafi kuwa ba ta ɗauke da iskar oksijin da yawa. Saboda haka na sa aka kawo mini intakula (na'urar da ke sanyaya wannan iskar kafin ta shiga inji) mai rahusa ta alminiyam daga Kano, wadda ta fi ta asali girma.

Ƙafafunta ba su dace da ramukan motar ba, sai mai walda ya ƙera wasu, muka sa roba a ƙarƙashinsu saboda girgizar hanya.

Babbar matsalar ta bayyana a kan hanyar Tasawa. Ina taka totur sai na ji fus, ƙarfi ya tafi, baƙin hayaƙi ya biyo baya: tiyo ya sulluɓe. Da na duba, bakin bututun intakular sumul yake, ba shi da ɗan tudun da ke riƙe tiyo, ga kuma maiƙon man inji a cikinsa. A ganina nan ne masu ƙera kayan araha suke rage kuɗi. Mai waldar alminiyam ya zagaye bakin da siririn tudu, na goge maiƙon tas, sannan na ɗaure tiyon a bayan tudun da maɗauri mai kusa da noti maimakon siririn da ya zo da ita.

Daga ƙarshe na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, aka hura iska a ciki, kumfa bai tashi ba.