Kurakuran sababbin masu kiwo game da harawa

Na gaji da jin sababbin masu kiwo suna cewa "karan wake". Kara na dawa ne da gero da masara, wanda ake danga da shi. Wake in yana ɗanye a gona, abin da yake shimfiɗawa a ƙasa yaɗo ne. Bayan an tsince waken, aka yanke jikin da ganyensa aka shanya, ya zama harawa. Ɓawon da ya rage bayan sussuka kuwa kowa ce, ita ma dabba tana ci, amma kada ka biya ta a matsayin harawa.

Gyaɗa ma tana da harawa. In ka aiki yaro, faɗa masa ta wake ko ta gyaɗa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaukar harawa a matsayin itacen kawai. Amfanin yana ganye! Akwai shekarar da na bar tawa a gona har iskar hunturu ta busar da ita ƙayau, aka kwaso da tsakar rana. Kafin a iso, ganyen ya kakkaɓe a hanya. Raguna suka riƙa tsintar ɗan abin da ya saura suna barin sanduna, watanni ina zuba dusa ba su yi ƙiba ba. Har yau ina ganin mutane suna wannan aika-aika, suna alfahari da girman dami. Haba malam, wa ya ce maka rago yana ƙiba da tsinke? Ni tun da sauran kore a jikinta nake yankewa, in bar ta ta sha iska, sannan in naɗe da sassafe lokacin da raɓa ta tausasa ganyen. In saye zan yi, sai na zura hannu cikin damin na shinshina. Mai warin fumfuna ruwa ya taɓa ta, ko kyauta ba na so.

Kada a jibge ta a ƙasa, gara za ta cinye. A ɗora bisa rumfa.

Mai neman harawa ya shuka iri mai yaɗo kamar kanannado; ɗan wuri mai tsayuwa tsaye 'ya'ya yake bayarwa, harawarsa kaɗan ce. Ni yanka nake yi, ba na tugewa, don saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wadda aka yi wa feshin maganin kwari kwana-kwanan nan kuma ba ta zuwa gaban dabbata.