Kafin ka sayi dokin hawa a Legas, fara duba ƙafa

Dokina na farko a Legas akawal ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi. Wani dillali ne ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Alhaji, zo ka ga abin da aka sauko da shi, irin wannan ba ya kwana." Na je na ga wuya a lanƙwashe, gashi sai sheƙi, na biya ko hawa ban yi ba. Kwana huɗu tsakani ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Ashe allurar kashe ciwo aka yi masa ranar da zan je. Wata biyar ina jinya, ƙarshe na sayar da faɗuwa.

Tun daga nan, duk wanda ya ce in raka shi sayen doki, tambayar farko da nake yi masa ita ce me zai yi da shi. Na yawo a bakin teku daban, na hawan angwanci daban, wanda yara za su koyi hawa a kansa daban. Idan sabon shiga ne kai, bar ingarma mai zafi, nemi wanda ya kai shekara bakwai zuwa goma sha biyu, ya ga duniya ya natsu. Dawakin Ajantina da ake shigowa da su don wasan folo, wato ƙwallon dawaki, kuwa, ga irinmu linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Sai dai kada ka guji unguwar Ikoyi saboda haka. Kulob ɗin folo na can tun 1904 yake, kuma da yawa cikin masu kula da barga 'yan Arewa ne. Su ke fara jin labarin dokin da ya gaji da wasa amma yana da sauran hawa a jikinsa.

A Arewa doki ya fi araha, musamman a kasuwannin kan iyaka irin Maigatari ranar Alhamis ko Mai'aduwa ranar Lahadi. Amma ka lissafa tafiyar fiye da kilomita 1,000 a tsaye cikin mota, ga shi ya baro busasshiyar iska ya faɗo cikin laima da ƙudaje. Ni dai gara in ƙara kuɗi in sayi wanda ya riga ya ci damina ɗaya a nan lafiya.

Ranar dubawa, kada ka faɗi lokacin zuwanka. Yi sammako, ka tarar da shi a turke kafin a wanke shi ko a gajiyar da shi da sukuwa. Doki mai cizo ko harbi, idan an sha shi da gudu tun asuba, sai ka rantse ɗan tunkiya ne.

Sa a jawo shi da ragama a kan kwalta ko ƙasa mai tauri, ba cikin yashi ba, don yashi yana ɓoye ɗingishi. A tafi da shi a dawo, sannan a yi sassarfa. Kalli kansa: in ƙafar gaba ce ke ciwo, duk sanda ta taɓa ƙasa zai ɗaga kai sama. Bayan nan durƙusa ka shafa kowace ƙafa daga gwiwa zuwa kofato, kana neman zafi ko kumburi, kana gwada ta hagu da ta dama. Ɗaga kofaton, ka kankare da tsinke, ka shinshina. Baƙin abu mai wari alamar ruɓa ce, kuma a garin da ƙasa ba ta bushewa wannan ciwo ya zama ruwan dare. Yana jin magani in an kama shi da wuri, amma kofaton da ya tsage tun daga sama zuwa ƙasa, yi sallama ka kama gabanka. Dokin da ya ƙi yarda a ɗaga masa ƙafa ma, ka tuna kai ne za ka riƙa fama da shi kullum.

Shekaru kuwa a baki suke, ba a bakin dillali ba. Haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a biyar baki ya cika. Tsoho za ka ga haƙoran sun yi tsawo sun turo gaba. Tunda ka buɗe bakin, duba dasashi, in ya yi fari fat jini ya yi ƙaranci, ko tsutsar ciki ko kaska. Leƙa hanci ko da majina, ka danna gadon baya da yatsu. Fararen tabo a mazaunin sirdi tsohon gyambo ne.

Sai hawa. Bari mai shi ya fara, in ya yi ta kame-kame ka san akwai magana. Kai kuma ka ɗaura sirdin da hannunka, ka sa linzami da kanka, ka fita da shi shi kaɗai nesa da 'yan'uwansa. Bi da shi inda danfo, motocin haya na Legas, ke hon, inda jannareto ke ruri. Dokin da ke zabura don leda ta gifta ba na Legas ba ne. Bayan sukuwa ka tsaya ka saurari numfashinsa, ban da tari, ban da shessheƙa.

Ciniki a yi shi gaban shaidu, a yanke la'adar dillali tun farko, a rubuta. Ka zo da likitan dabbobi naka, ka kuma nemi sharaɗin kwana bakwai a hannunka, lokacin yawancin allurar kashe ciwo ta sake shi. Wanda ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ce masa yarda ce ta kawo ka.

Kafin ka biya, ka tabbata kana da wurin ɗauri mai tudu da rufi, ka kuma ji farashin harawa da dusa, don yawanci daga Arewa ake kawo su. Karɓi buhu ɗaya na abincin da ya saba ci, ka riƙa gauraya shi da naka a hankali har kwana goma, saboda canjin abinci farat ɗaya yana kawo ciwon ciki. Dokin da nake hawa yanzu, wani bidi, haka na yi masa. Kansa ƙato, ba mai waiwayen sa a hanya, amma damina huɗu ke nan ko ɗingishi bai taɓa yi ba.