Darasi na 9: Juwan kilas, ana maida tsoho ko sai sabo?

Ƴan uwa barkanmu da sake haɗuwa. Wanga darasi na masu mota ne da direbobi da yaran garaji, amma ko kai da ba ka da ko keke ka saurara, wata rana ɗanka ne za a tura koyon kanikanci.

Injin mota kamar tukunya ne da murhinta. Na ƙasa shi ne bulok, inda piston ke hawa da sauka cikin ramukan da ake ce ma silinda, na bisa shi ne kilas. Tsakaninsu akwai wani abu shimhiɗaɗɗe mai ramuka ramuka, shi makanikai ke ce ma juwan kilas. Aikinshi tsare iyaka, wutar da ke tashi cikin silinda ta tsaya wurinta, ruwan radiyata ya bi hanyarshi, man inji ma ya bi tashi, kada ɗaya ya shiga gonar ɗaya.

To tambayar da ake yawan yi nan Tawa ita ce, in an buɗe kilas don wani gyara, juwan ɗin ya hito lahiya lau babu tsaga babu ƙuna, mi zai hana a maida shi? Ni dai na ce a'a, kuma ba don ina saida kayan mota ba.

Ranar da anka ɗaure juwan karo na hwarko, bulo bulo ɗin nan, wato ƙusoshin da ke ɗaure kilas ga bulok, suna matse shi har ya kwanta ya cike duk wani ɗan lungu da ido bai gani a jikin ƙarhen. Kewayen kowane ramin silinda akwai zobe na ƙarhe, shi ma a ranar yake lanƙwashewa daidai da wurin. Kamar kwano ne da mota ta taka, ko ka buga shi ba ya komawa yadda yake. Na zamani da ake yi da hwalle hwallen ƙarhe biyu ko uku suna da ɗan tudu da wani shahi a jiki, da an sha zahi an buɗe, shahin ya kan tsaya rabi ga kilas rabi ga bulok. Wanda kawai na san ana maidawa shi ne na jan ƙarhe zalla irin na tsohhin injuna, shi ma sai an gasa shi ya yi jajir ya yi laushi, kuma ba shi ne ke cikin Corolla ko Hiace ɗinka ba.

Ni kaina na taɓa cin wanga kwaɗayi. Munka buɗe injin wata tsohuwar Starlet, yaron garajin ya ɗaga juwan ya duba ga rana ya ce ma maigidanshi, "Maigida wanga fa kamar sabo, a shahwa mishi gam a maida." Maigidan ya dube ni ya ce, "Malam kuɗinka ne, amma ni ban so." Na ce a maida, aljihu babu nauyi lokacin. Sati biyu ba su cika ba, watan Afrilu, rana kamar ta hwasa dutse, ina kan hanyar Ƙonni ban kai Badagishiri ba allurar zahi ta hau ja. Da inji ya huce na buɗe murhin mai sai ga wani abu hwari hwari kamar an dama kahe da madara. Na biya jan mota, na biya sabon juwan, na sake biyan aikin hannu, ga man da anka zubar. Maigidan bai ce mini komi ba, murmushi kawai ya yi, wallahi da zagina ya yi da ya hi mini sauƙi.

Wannan madarar alama ce ruwa ya shiga mai. Sauran alamun su ne hwarin hayaƙi mai kauri da bai ɗaukewa ko inji ya ɗumama, ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, da kumhwa na tasowa cikin radiyata in inji na aiki. Kada ka buɗe murhin radiyata inji na da zahi, ruwan ya wuce na tahwasa kuma a matse yake, huska yake nema.

Sabon juwan ma shi kaɗai bai isa ba, nan ne mutane da yawa ke hwaɗuwa. Kilas na yawancin ƙananan motoci na alminiyam ne, in ya sha zahi sosai sai ya karkace kaɗan. Ana aza mishi miƙaƙƙen ƙarhe a zura ma'auni ƙarƙashi, a injunan sansi na Toyota da yawa in ratar ta wuce milimita 0,05 sai an kai shi a goge, wajen kaurin gashin kai kenan, yatsa ba ya jin shi. In gazuwal ce motarka, juwan ɗin kauri kauri ne, akwai alama a gehe ko harahi, ka tahi da tsohon wurin mai shago a gwada, amhwanin da ya rage mishi kenan. Wasu injunan kuma bulo ɗinsu suna miƙewa in an ɗaure, su ma a auna ko a canza. Sannan a binciki abin da ya sa injin zahi tun hwarko, ko radiyata ce ta toshe da ruwan rijiya, ko bantilata ba ta juyawa.

Ɗauri ma da tsarinshi. Ana hwarawa daga tsakiya a yi waje, sannu sannu zagaye biyu ko uku, da kile mai auna ƙarhi, ba a sa bututu yaro ya rataya da duk nauyinshi ba. Wajen kwancewa kuma daga waje ake hwarawa a ƙare tsakiya.

Yanzu kowa ya ɗauko allonshi. Ku zana kilas mai silinda 4, ku yi ramukan bulo 10, biyar bisa biyar ƙasa. Ku rubuta 1 da 2 a na tsakiya, ku ci gaba kuna tsallakawa dama da hagu har 9 da 10 su hwaɗo a bakin gehe. Wanda ya gama ya nuna ma na kusa da shi.