Agnes Nutter ba mayya ba ce: kurakuran da masu karanta Good Omens suka fi yi

Duk Bahaushen da ya ɗauki littafin Good Omens, wanda Terry Pratchett da Neil Gaiman suka fitar a 1990, zai tarar a cikakken sunan littafin an kira wata mata Agnes Nutter da kalmar Turanci ta witch. Yana duba ƙamus za a ce masa mayya. Daga nan kuskure na farko yake shigowa, kuma shi ne ya fi ɓata karatun.

Mayya a wurinmu an san aikinta. Tana da ƙanƙara a ciki, tana kama kurwar yaro ya yi ta ramewa, sai an tsare ta an ce ta tsallake shi kafin ya samu kansa. Agnes ba ta taɓa kurwar kowa ba. Abin da ya jawo mata baƙin jini a ƙauyensu da ke Lankasha, a arewacin Ingila, shi ne warkar da marasa lafiya, da cewa mutane su riƙa wanke hannu saboda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, da fita sassarfa wai don ƙarin lafiya. In ana neman kwatankwacinta a Hausa, ta fi kusa da tsohuwa mai magani wadda kuma take duba. Ku cire kalmar mayya daga ranku tun a shafin farko. Ni ban cire ba a karatuna na farko, na yi ta jiran inda muguntarta za ta bayyana, har littafin ya ƙare ba ta bayyana ba, sai da na koma baya na sake karantawa.

Sannan akwai masu ɗaukar labarin ƙone ta a matsayin tarihi. A littafin, a 1656 mutanen gari suka je kama ta, ta tarye su a ƙofa tana yi musu faɗan sun makara, ta hau tarin itacen da ƙafarta. Ashe ta cusa albarushi fam 80 da ƙusoshin rufi fam 40 a cikin fatarinta, wajen kilo 36 da kilo 18 ke nan. Ana cinna wuta, ita da masu kallo suka tashi gaba ɗaya. Wannan ƙirƙira ce. A Ingila ta wancan zamani rataye waɗanda aka samu da laifin maita ake yi. Amma sunayen suna da asali na gaskiya, kuma mai ban tausayi. A 1612 aka yi wa mutanen yankin Pendle shari'ar maita a garuruwan Lankasta da York, aka rataye goma daga cikinsu. Akwai Alice Nutter a ciki, akwai Elizabeth Device da 'ya'yanta biyu, James da Alizon. Wadda aka sa ta ba da shaida a kansu ita ce ƙaramar 'yar Elizabeth ɗin, Jennet, yarinya 'yar shekara 9. Wanda ya san haka ba zai yi dariyar fashewar albarushin nan kamar yadda wanda bai sani ba zai yi. Marubutan sun ba wa matar da aka zalunta damar ramawa ne, ko da a takarda. Mu da muka san yadda ake nuna tsohuwa da yatsa a unguwa idan yaro ya kwanta ciwo, bai kamata wannan ya wuce mu ba.

Wani ƙaramin tuntuɓe: kalmar nice da ke cikin sunan kundin da Agnes ta rubuta kan abubuwan da za su faru, The Nice and Accurate Prophecies, ba mai daɗi take nufi ba. A tsohon Turanci tana nufin abin da ya zo daidai wa daida, ba ragi ba ƙari.

Inda aka fi shan wahala shi ne fahimtar yadda dubanta yake aiki. Mutane suna tsammanin za ta faɗi manyan al'amuran duniya, sai su ga ta tsallake su, su ce marubutan sun yi sakaci. Ai da gangan ne. Dubi ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ranar da aka harbe shugaban Amurka John Kennedy a Dallas. Abin da Agnes ta rubuta game da ranar shi ne wani gida zai rushe a garin King's Lynn, don mahaifin jikanyarta Anathema yana garin a ranar, bulo na iya faɗo masa. Jikokinta ta sa a gaba, kamar kakar da ke yi wa ɗan jika kashedin rijiyar bayan gida. Ga shi kuma tana ganin abubuwan da ba ta da sunansu, mota da kwamfuta da jirgin sama, sai ta kwatanta su da kalmomin ƙarni na 17. Shi ya sa zuriyarta ba sa gane maganar sai abin ya riga ya faru. Maganin wannan ruɗani a wurin mai karatu: duk inda aka kawo maganarta, ka tambayi kanka wane jika take ƙoƙarin karewa.

Mai karatu Musulmi kuma kada ya ɗauka littafin yana da'awar wani ya san gaibu ko ranar tashin duniya. Gaibu sai Allah. Labarin barkwanci ne da aka gina kan siffofin littafin Ru'ya ta Yohanna na Kiristoci, da mahaya huɗu masu zuwa a ƙarshen duniya, da yaro ɗan shekara 11 mai suna Adam Young, wanda aka ƙaddara shi zai jawo tashin duniyar. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wasa da irin wannan batu ba, ya ajiye shi, babu laifi. Wanda ya karanta kuwa kada ya auna shi da abin da ya koya a Islamiyya game da alamomin ƙiyama, don ba daga can aka ɗebo shi ba.

Akwai kuma haɗa Agnes da jikanyarta Anathema Device, musamman ga waɗanda suka fara da shirin talabijin na 2019, inda aka mai da Anathema 'yar Amurka. A littafin Baturiyar Ingila ce, tana yawo a kan keke a ƙauyen Tadfield da wuƙar yanka burodi don kare kanta, da akwatin katuna da kakanninta suka cika da sharhi a kan kowace magana ta Agnes. Mutane suna yi mata kallon mai sa'a, tunda ta san abin da gobe za ta kawo. Ni tausayi take ba ni. Har mutumin da za ta so, Newton Pulsifer, jikan wanda ya jagoranci ƙone Agnes, an rubuta mata shi shekara fiye da 300 kafin a haife ta. Wanda bai ji nauyin wannan ba, ba zai gane ƙarshen labarin ba, kuma ga shi zan faɗa, wanda bai karanta ba ya tsaya nan. Bayan an tsallake tashin duniyar, wani lauya ya kawo musu akwati ɗauke da kundi na biyu da Agnes ta bari. Newton ya tambaye ta ko haka take so ta ƙare rayuwarta, jikar wata kawai. Littafin bai nuna hannun da ya jefa takardun a wuta ba. Abin da Adam ya gani da yake wucewa shi ne hayaƙi yana fita daga bututun gidan, da fuskar wata mata a cikin hayaƙin tana dariya.