Yadda ake kaɗa "In C" da celo takwas

Celo goge ne babba na Turawa mai tsirkiya huɗu (C, G, D, A), ana jingina shi tsakanin gwiwoyi. Ƙungiyar da ke son shiga kiɗan maimaici, wanda ake gina shi da 'yan gajerun gaɓoɓi da ake ta nanatawa, gara ta fara da "In C" na Terry Riley, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, kiɗan da aka fara kaɗawa a San Faransisko a 1964. Shafi ɗaya ne kacal, gaɓa 53, babu mai ba da umarni a gaba.

Da farko a daidaita tsirkiyar A ta kowa a kan 440 (yawan kaɗawar tsirkiya a daƙiƙa ɗaya), sauran su bi. A shafa wa baka, wato abin goga tsirkiya, ƙaro daidai misali, don idan ya yi yawa sauti zai yi kaushi. A zauna a da'ira yadda kowa zai ga hannun kowa.

Sai a ware mai riƙe bugu. Wannan shawarar Steve Reich ce, wani mai tsara kiɗa da ya kaɗa tare da Riley, tun a atisayen farko: amon C mai tsini da ke bugawa ba tsayawa, yawanci a fiyano. Idan celo kaɗai gare ku, mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa duk minti biyar suna taɓa C da yatsa kamar mai garaya, domin hannu ɗaya zai gaji, bugun ya ja baya. A atisaye a sa metronom, na'urar ƙirga bugu, wajen bugu 120 a minti.

Kafin a saki kowa, a bi gaɓoɓin 53 baki ɗaya, murya ɗaya. A daɗe a kan ta 35, ita ce mafi tsawo, a nan ake yawan ɓata. A kuma kula da ta 14, inda F mai ɗagi (amon da ya ɗan fi F tsini) ke fara shigowa. Yatsa ya saba da wurin F na baya, sai a ji tsami.

Babbar matsala ita ce rabon murya. An rubuta takardar a maɓallin sama, wato na amo masu tsini, shi kuwa celo gidansa ƙasa. In duk takwas suka sauko okteb ɗaya (tazarar da ke tsakanin C da C na ƙasa da shi), sai kiɗan ya dagule kamar kunun da ba a dama ba, gaɓoɓi masu sauri su haɗiye juna. Riley ya yarda a sauya okteb, amma ya nuna saukowa ta fi dacewa da gaɓoɓi masu dogon amo. Saboda haka uku su tsaya a sama kan tsirkiyar A, uku a tsakiya, masu ƙasa kuma su ajiye tsirkiyar C sai dogayen amo. A rage karkarwar yatsa ƙwarai, domin a nan tsabtar amo ta fi zaƙin murya.

Yanzu kowa ya bi gaɓoɓin a jere, ya maimaita kowace daga daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya da rabi, ya matsa lokacin da ya ga dama. Sharaɗi shi ne kada ka wuce jama'a ko su bar ka da fiye da gaɓa biyu zuwa uku. Kuma ba dole ka fara gaɓa tare da na kusa da kai ba. Shigo bayan bugu ɗaya ko biyu. Daga wannan saɓanin ne saƙar ke fitowa. Sababbin makaɗa suna tsoron yin shiru, alhali ajiye baka na ɗan lokaci a saurara yana cikin aikin.

Cikakken kiɗa yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya da rabi, don haka a saki kafaɗa, a yi amfani da tsakiyar baka a gaɓoɓi masu sauri. Wanda ya fara isa ta 53 ya yi ta nanata ta har kowa ya iso. Daga nan a ɗaga sauti tare, a sauke, a sake ɗagawa sau biyu ko uku, sannan a riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya.