Darasi na 7: Daga auduga zuwa safar yaro

'Yan uwa mata barkanmu da sake haɗuwa. Duk shekara idan hunturu ya shigo, wajen Disamba da Janairu, sai kiga an cika gaban masu gwanjo ana tonon safa ana neman wadda ta yi daidai da ƙafar yaro, a ƙarshe a dawo gida da guda biyu kala daban, kwana goma yatsa ya leƙo. To wannan darasin akan yadda zaki saƙa safar da hannunki ne, kuma ga wadda take da sha'awa, ta fara tun daga kaɗa zaren. Ba sana'a nake koya miki yau ba, abin yi ne na lokacin hutu, bayan la'asar ko bayan an gama tuwon dare, amma dai lissafi da awo suna ciki, shiyasa nake so ki ajiye biro da littafinki a kusa.

Kaɗi ba baƙon abu bane a gidajenmu. Kakanninmu da shi suka yi kayan ɗakin 'ya'yansu, ana kaɗa zare a kai wa masaƙa, daga can a wuce marina irin ta Ƙofar Mata a Kano a turo shi baƙi ko shuɗi. Har yau ana noman auduga a wajajen Funtuwa, Malumfashi, Gusau da ƙasar Zazzau, saboda haka idan kina da ɗan uwa manomi kwano ɗaya ya isheki gwaji. Kuma wani abu da yake burge ni, safa mafi tsufa da aka saƙa da tsinke wadda masu binciken tarihi suka samu, a Masar aka tono ta, ta wajen ƙarni na 11 zuwa na 14, kuma da zaren auduga aka yi ta, fari da shuɗi. Wato dai irin kayan da muke da su.

Aikin farko gurza. Ki ɗora auduga kaɗan akan magurji, wato dutse mai faɗi da santsi, ki murza ƙarfen gurza a kai da tafin hannu biyu, zaki ga angurya tana fitowa gaba tana barin farar audugar a baya. Kar ki zubar da anguryar, dabbobi suna ci. Daga nan sai shiɓa, ana yinta da ɗan baka mai tsirkiya, ki sa tsirkiyar cikin audugar kina fizgarta da yatsa har ta tashi ta yi sako-sako babu curi babu datti. Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Audugar da bata shiɓu ba sai tayi ta tsinkewa a hannu, mace ta ɗauka ita ce bata iya ba alhali tun daga nan matsalar ta taso. Idan ta shiɓu sai ki naɗe ta sutu-sutu, kada ki matse.

Yanzu mazari. Ɗan siririn tsinke ne da gululu na yumɓu a ƙasansa, nauyin gululun shi yake sa ya daɗe yana juyawa. Ki zauna akan tabarma, sutu a hannun hagu, mazari a dama, ƙasansa a cikin taskira ko wani ɗan kwano mai santsi, domin gashin auduga gajere ne, idan kika bar mazari yana lilo a iska nauyinsa zai tsinke zaren. Ki shafa alli a yatsu saboda gumi, tsofaffi da ƙonannen ƙashi suke yin nasu. Ki murza mazarin, hannun hagu yana ja baya a hankali, murɗin yana bin audugar yana mayar da ita zare, idan ya kai tsawon hannu ki ƙara masa murɗi sannan ki naɗe a jikin mazarin. Gefe ɗaya zaki riƙa murzawa kullum, ki riƙe wannan. Ranar farko zaren zai fito wani wuri kauri kamar abawa wani wuri kamar gashi, haka kowa ta fara, ki ci gaba kawai. In akwai wata tsohuwa a unguwarku da ta taɓa kaɗi, don Allah ki je ki gaishe ta ki ce Iya ko Gwaggo a nuna min, zama ɗaya a gabanta ya fi shafi goma na wannan littafin, kuma zata ji daɗi an tuna da ita.

Ga abinda ya bambanta zaren safa da zaren da ake kai wa masaƙa. Sili ɗaya idan kika saƙa shi da tsinke, saƙar karkacewa take yi saboda murɗin duk gefe guda yake. Sai ki haɗa sili biyu, ko uku in siriri ne, ki murɗe su tare ta ɗaya gefen, wato in dama kika murza wajen kaɗi yanzu hagu zaki yi. Bayan nan ki naɗe shi a bayan kujera ya zama zobe, ki ɗaure wuri huɗu, ki tafasa shi cikin ruwa da ɗan sabulu, ki ɗauraye ki shanya a inuwa. Auduga tana tsukewa a wankin farko, gara ta tsuke tun tana zare da ace sai kin gama wahalar saƙa.

Wadda bata da halin duk wannan kar ta karaya, ta sayi zaren ulu a kasuwa wajen masu kayan ɗinki. Mafi yawan wanda muke kira ulu ɗin nan na roba ne, ba gashin tunkiya ba, yana da ɗumi yana da saurin bushewa amma yana tara gumi. Auduga kuwa tana shan gumi, sai dai bata da jan roba, tana saki. Ni dai ga yaro ɗan makaranta nafi son auduga, ga jariri ko tsoho cikin sanyi irin na Jos sai ulu.

Kayan saƙa: tsinke huɗu masu baki biyu, wasu suna ce masa kibiya, kaurin milimita 3 ko kusa da haka, tef ɗin tela, almakashi, da allura mai babbar kafa. In baki samu tsinken ba ki feƙe gora ki goge ta sosai har ta daina kama zare.

Zo muyi lissafi, nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne nake ganin mata suna son tsallakewa. Kowane ɗan madauki da yake kan tsinke zamu kira shi ido. Ki fara saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, ki shimfiɗa shi ba tare da kin ja ba, ki ɗora tef ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. Mu ce kin samu 25. Sai ki auna zagayen ƙafar yaron a wuri mafi faɗi, ƙasa da yatsu, mu ce santimita 16. Ki rubuta 25 sau 16, ya bada 400. Ki raba da 10, ya zama 40. Safa tana son ta ɗan kama ƙafa, saboda haka ki cire kashi ɗaya cikin goma, wato 4, saura 36. Ki duba ko 36 tana rabuwa da 4, eh tana yi, sau 9. In lissafinki ya faɗa kan lamba kamar 37 ko 38 ki sauko 36, in 39 ne ki hau 40. Kar ki ari lambar maƙwabciyarki, hannu ba ɗaya bane, wata tana matse zare wata tana sakinsa, da zare ɗaya da tsinke ɗaya sai a samu safa biyu masu girma daban.

Ki ɗora ido 36 ki raba su kan tsinke uku, 12 kowanne, na huɗun shi ne mai aiki. Ki haɗa su zobe, amma kafin ki saƙa idon farko ki bi layin da kallo ki tabbatar bai murɗe ba, in ya murɗe babu gyara sai warwara. Ki ɗaura ɗan zare mai wata kala a inda zagaye yake farawa. Sai ki yi ta saƙar gaba 2, wato ki jawo sabon ido zaren yana bayan aikin, saƙar baya 2, wato zaren yana gaban aikin, har zagaye ya cika, ki sake. Wannan ita take bada saƙa mai layi-layi irin ta bakin rigar sanyi, tana buɗewa tana komawa, kuma ita zata rufa wa zaren auduga asiri tunda shi kansa baya jan. Idon farko na kowane tsinke ki ɗan ja zaren da ƙarfi, in ba haka ba wata ɓaraka zata bi tsawon safar.

Safar yau bata da dunduniya, doguwar jaka ce kawai, kuma da gangan na fara da ita. Ƙafa ce take yi mata siffa idan an sa, ga shi yaro yana girma bata yi masa kaɗan da wuri, kuma tunda kullum ba wuri ɗaya dunduniya take takawa ba tana daɗewa bata huje ba. Ki auna daga kan babban yatsa, ki bi ta ƙasan ƙafa ki zagaya dunduniya zuwa inda kike so ta tsaya a ƙwauri, ki saƙa har saura santimita 3 ki kai wannan tsawon.

Rufe yatsu duk da saƙar gaba ake yi. Ki saƙa 4 ki haɗe 2 su zama ɗaya, haka har zagaye ya ƙare, saura 30. Zagaye na gaba babu ragi. Sannan 3 ki haɗe 2, saura 24, ki huta zagaye ɗaya, 2 ki haɗe 2, saura 18, ki huta, 1 ki haɗe 2, saura 12, sai ki haɗe bibbiyu ya rage 6. Ki yanke zaren da ɗan tsawo, ki zura a allura ki bi cikin idanun shida ki tsuke, ki soka ta ciki ki ɓoye bakin. Kar ki yi ƙulli, yana cin yatsa a cikin takalmi. Idan kuma wa Baba ko Hajiya zaki yi kuma suna da ciwon suga ko kumburin ƙafa, ki bar cire kashi ɗaya cikin goman nan, tasu bata son matsi ko kaɗan.

Duk zagayen da kika yi ki ja ɗan layi a littafinki, biyar-biyar, don ta biyun ta fito daidai da ta farko, kuma ki ɗora ta biyun a ranar da kika gama ta farko tun hannu yana tune.

Aikin gida: ki auna ƙafar mutum biyu a gidanku, babba da yaro, ki rubuta suna da lamba. Ki lissafa ido nawa kowanne zai ci idan ƙyallen gwajinki ya bada ido 20 a santimita 10. Ranar aji ki zo da ƙyallen da littafin, wadda ta samu auduga ta taho da ita ko bata gurza ba, zamu yi tare kafin mu shiga darasin dunduniya.