Yadda ake tsara ɗagawa shida a gasar ɗaga nauyi

A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, Ruth Ogbeifo ta Najeriya ta haɗa kilo 245 a ajin kilo 75. 'Yar Kolombiya da 'yar Taiwan su ma 245 suka haɗa, sai sikeli ya raba gardama: wadda ta fi rashin nauyin jiki ta ɗauki zinare, Ruth ta dawo da azurfa. An soke waccan doka, yanzu wanda ya riga kai jimillar shi ne a gaba. Saboda haka kocin da ke horar da yara a filin wasa na Moshood Abiola a Abuja dole ya iya lissafi kamar yadda ya iya ƙarfe.

Ɗagawa shida ce. Uku na fizge ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a tashi ɗaya, uku na ɗora shi a kafaɗa sannan a cilla sama. Mafi nauyi a kowane ɓangare ake haɗawa.

Ta farko ita ce komai. Rubuta nauyin da yaronka ke ɗagawa ko da bai yi barci ba, kamar kilo biyar zuwa bakwai ƙasa da ƙarshen ƙarfinsa. Wanda ya kasa ɗagawa sau uku a ɓangare ɗaya ba shi da jimilla, ya yi tafiyar banza. Yawanci girman kai ne ke jawo haka, na koci ba na yaro ba. In ta farko ta shiga, ƙara kilo uku ko huɗu. Ta uku kuwa ka dubi allo: kilo ɗaya kan abokin hamayya ya isa.

Ana fara awon jiki awa biyu kafin gasa, don haka a tanadi ruwa da abinci mara nauyi a jaka. Wajen ɗumama jiki ka ƙirga da kanka: sandar maza kilo 20, ta mata 15, maƙallai biyu masu riƙe faifai kilo 5, jan faifai 25, shuɗi 20.

Da an kira suna minti ɗaya gare shi ya fara ɗagawa, biyu in shi ne ya yi ɗagawar da ta gabata. Alƙalai uku ne, farar fitila biyu ta wadatar a karɓi ɗagawa. Abin da ya fi jawo jar fitila, wato ƙin karɓa, shi ne gwiwar hannu ta lanƙwashe sannan a ƙarasa miƙe ta, sai sakin ƙarfe kafin a ba da alamar sauke.